Haɗin da Babu Dalma

Ɗorayi, Kano
Watan Safar, 1978

Zuwa ga ƙanwata Hansatu, a Gusau.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidanki Malam Falalu. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya. Kin san ni da boko ko gaisuwa ba ma yi, marubucin bakin gidan waya nake faɗa wa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Labarin da ya iso muku gaskiya ne, wuta ta tashi a kamfanin fatun nan na Challawa, ta cinye ɗakin shanya. Ba a yi asarar rai ba. Kuma gaskiya ne ɗana Muntari ne ya yi wayarin ɗin ginin tun ana zuba kankare. Yanzu ɗan kwangila ya dakatar da shi, ana maganar karɓe masa lasin, har ana ambaton 'yan sanda. Idan laifin ya tabbata a kansa, daga Bompai har Sharada ba mai sake ba shi ko ƙwan lantarki ɗaya ya ɗaura.

An gaya mini mijinki ya ce dama ɗan mai aci-bal-bal ina zai iya da wutar Nasara. Ki ce masa na ji. Da waɗannan fitilun gwangwanin nawa shi mijin naki ya yi karatun da yake taƙama da shi.

Kada ki ɗauka na huce da yaron. Ban huce ba. Na raine shi a gindin murhuna, na koya masa yanka gwangwani da liƙi da dalma, ya tashi ya bi Ishaya, mutumin Kagoron nan shugaban masu wayarin, ya koyi sana'ar da ta kashe mini kasuwa. Tun ranar na ce waya ba za ta shiga gidana ba, kuma har yau ba ta shiga ba. Amma ni ne zan yi fushi da ɗana, ba wani ba.

Uwarsa Ma'u ba ta cin abinci. Shi kuwa yana zaune a zaure yana juya filaya a hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Jiya na kasa haƙuri, na tambaye shi abu ɗaya tak: in ya haɗa waya da waya, murɗewa yake yi ya naɗe da salatif kamar sauran, ko kuwa? Ya ce bai taɓa barin haɗi ba sai ya zuba masa dalma, hannunsa ba ya yarda. Wai har Ɗan-dalma suke kiransa a wurin aiki, ɗan kwangila kuma kullum faɗa yake masa wai yana ɓata lokaci. Na juya na shige cikin gida kamar ban ji ba. Amma na ci tuwona na ƙara.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida yara.

Yayanki,
Alhassan Mai-fitila

Ɗorayi, Kano
Watan Rabi'ul Awwal, 1978

Zuwa ga ƙanwata Hansatu.

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Saƙon man shanu ya iso, Ma'u tana godiya. Wannan takardar ki sa a karanta ta da ƙarfi, lokacin da Malam Falalu yake gida.

Na taka da ƙafata har Sharada, inda Ishaya yake aikin wata sabuwar masaƙa. Kin san rabon da in amsa gaisuwar mutumin nan tun ranar da ya ɗauke mini yaro. Na same shi a kan bene suna shimfiɗa bututun waya a tsakanin rodi kafin a zuba kankare. Da ya hango ni ya sauko, ya cire hula ya durƙusa, yana Baba kaza Baba kaza. Ban je sulhu ba, na gaya masa haka. Na ce tunda ya iya raba ɗa da ubansa, to ya je ya sa a buɗe akwatunan haɗin wayar kamfanin fatun nan a duba. Ya dafe kai, ya ce wannan dabarar ba ta zo masa ba.

Masu kamfani suka ce ba lokaci. To ni ina da shi, tunda an kashe mini kasuwa. Na ɗauki buzuna na shimfiɗa a ƙofar kamfanin, kullum da safe, warin jima yana dukana har cikin ƙwaƙwalwa. Maigadi ya kore ni, na matsa taku biyu na zauna. Manaja ya gaji da ganin farin gemuna ta gilashin mota, ranar da injiniyan bincike ya zo aka ce mu shigo.

Hansatu, da kin ga abin! Injiniyan yaro ne mai natsuwa, shi ya riƙa nuna akwatin da yake so, Ishaya yana kwancewa. Na bango, na silin, na bayan injina. Duk wanda aka buɗe aka warware salatif, sai ka ga haɗi fari tas yana ƙyalli, dalma ta bi ta rufe, ba ƙari ba ragi. Na matsa na shafa ɗaya da yatsa. Wallahi liƙin gidanmu ne, irin na mahaifinmu, har yadda yake janye ƙarfen liƙi a ƙarshe. Marubuci ya ce in dakata in sha ruwa, na ce ya ci gaba da aikinsa.

Sannan aka shiga ɗakin da ya ƙone, inda 'yan kwana-kwana suka ce nan wutar ta faro. Injiniya ya tono haɗin daga cikin toka ya kankare da wuƙa. Jan ƙarfe ne tsirara, an murɗe shi kamar igiyar akuya, ko ɗigon dalma babu. Ya bi wayar, siririya ce, ta tafi ga wani injin busar da fata da aka girka bayan Muntari ya miƙa aiki ya tafi. Mutanen kamfanin ne suka jona da kansu. Manaja ya shiga kallon takalminsa.

An mayar wa Muntari aikinsa, lasin ɗinsa na aljihunsa. Ɗan kwangilar da ke cewa yana ɓata lokaci, yanzu shi ya ba shi wayarin ɗin wani sabon gini a Bompai, har ya ce sauran ma su koyi liƙi. Wa zai koya musu? Ishaya ya zo har zaurena da goro yana roƙo. Na karɓi goron. Na ce zan duba.

Saura magana ɗaya, kada ki ji a bakin mutane su ƙara gishiri. Na yarda a jawo waya gidana. Ƙwai ɗaya, a zaure, ba don ina so ba, Ma'u ce idonta ya yi rauni. Muntari zai ja wayarsa ya kafa makunni, amma haɗin ni zan liƙa da hannuna, da ƙarfen mahaifinmu.

In kun zo Mauludi, ki taho da Malam Falalu. Na ware masa tabarma daidai ƙarƙashin ƙwan. Ya zo da littafinsa.

Ki gaida yara da maƙwabta. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Alhassan Mai-fitila, uban Ɗan-dalma