Allurar Awo a Cikin Kwalba

Yalwawa, Dutse

Zuwa ga Iyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da mutanen Ringim, da ƙawarki Safa? Tunda kunnenki ba ya jin waya sosai, na ga gara in rubuto, ƙanena Misbahu ya karanta miki a tsanake.

Kin ce in faɗa miki aikin da ya sa na bar miki 'yata Safa. Wata kwalba ce babba a ɗakin gwaji na jami'a. Muna zuƙe iskar cikinta da famfo, mu sa wata iska ta musamman, mu kunna mata lantarki har ta kama haske irin na walƙiya. Wannan hasken shi ake kira filasma. Ina saka irin riɗi a ciki ya ɗan jima, don a ga ko zai fi saurin tsirowa. Hannu ba ya shiga, sai wata siririyar waya kamar allura. Ita ke aiko wa kwamfuta ƙarfin filasmar nan take, ina zaune ina kallo.

Na gaji, Iya. Sai famfo ya gama zuƙa a ɗauke wuta, in koma farko. Amma awo ya kusa cika. In Allah ya yarda, da ni za a yi babbar sallah.

'Yarki,
Zakiyya

Yalwawa, Dutse

Iyata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Yaya zazzaɓin Safa, ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini rashin zuwa sallah.

Ranar Talata ina kallon kwamfuta, ban taɓa komai ba, sai na ga layin awo yana zamewa da kansa. Na ce ko allurar ce ta yi datti, na goge ta. Na sake wata sabuwa, duk ɗaya. Ni da Malam Gwadabe, mai kula da kayan ɗakin, muka bi kwalbar lungu-lungu har muka gano tsaga a bakin murfinta, ko gashi ya fi ta kauri. Iskar waje ce ke shiga. Ba wanda ya san tun yaushe, don haka duk awon da na tara tun bara ba abin dogaro ba ne.

Wata abokiyar karatuna ta ce in yi shiru in miƙa tsofaffin lambobin, ba mai ganewa. Ba zan ɓoye miki ba, na kwana biyu ina juya maganarta, don ina son dawowa gida. Amma na tuna irin wannan sakamakon ne wata rana za a kai wa manomi kamar Baba, a ce ya shuka. Na je na gaya wa Farfesa Idirisu, malamin da ke duba aikina. Ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido, sannan ya ce a liƙe murfin in fara daga farko. Na fito na zauna ƙarƙashin darbejiya, ko kukan ma na kasa.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Zakiyya

Yalwawa, Dutse

Iya,

Ina fata kun wuni lafiya, kuma ruwan bana ya yi muku albarka. A gaida Baba da kyau.

An liƙe murfin. Yanzu layin yana tsayawa cak, sai na murɗa wuta yake motsi. Farfesa ya ce aikin zai kai mu wata daminar. Ko murna ban iya yi ba, bayana kamar an yi mini duka.

Jiya Misbahu ya sa wa Safa waya a kunne. Na yi ta kiran sunanta, sai na ji tana tambayarki wace ce wannan. Kin yi dariya don ki rufa mini asiri, na ji ki. Ban ga laifinta ba.

Na yi magana da Babanta can inda aka tura shi aiki, ya amince in ɗauko ta ta zauna da ni a nan Dutse. Maƙwabciyata Talatu za ta riƙa riƙe ta da rana, in na taso in ɗauke ta. Na san gidan zai yi miki shiru, kuma ban san da bakin da zan gode miki ba. Na san kuma za ta yi kuka a mota, wataƙila har mu shigo Dutse. Zan jure.

Ranar Asabar zan shigo motar farko. Don Allah kada ki gaya mata tafiya za ta yi. Ki ce mata kawai uwarta na zuwa.

'Yarki mai kewarki,
Zakiyya