Zan Zauna Ta Huɗu

Wheaton, Maryland

Zuwa ga Yaya Ɗanliti,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Ya su Anti Balaraba da yara?

Saƙonka ya iso. Gaskiya ne, na sake faɗuwa jarrabawar lasisin nas, karo na uku. Ka ce uku ta isa ishara, in tattaro in dawo. Yaya, ka yi haƙuri, ba zan dawo ba.

Ni lafiyata ƙalau, in ban da kumburin ƙafa saboda tsayuwa. Kada Inna ta ji wannan.

Tsohon da nake jinya, Mista Raymond, ba shi da magana sai ta besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Idonsa ya mutu, don haka ni nake rubuta masa sakamako a littafinsa. Ranar da ya ji ina kuka a kicin, ya sa na karanto masa shafin gwanaye huɗu da suka haurar da ƙwallo bayan katanga fiye da sau ɗari bakwai. Sai ya ce in duba layin gefe. Ashe kowannensu an fitar da shi fiye da sau dubu da ɗari uku, don ya kai duka uku bai samu ba. Ba wanda ya aika musu su koma gida.

Na yi rajistar ta huɗu, watan Maris. Addu'arku nake roƙo. Ɗakin da na ji kana gyara min kuwa, a zuba masara.

Ƙanwarka,
Sailuba