Dutsen Gaban Taya

Litinin, 3 ga Maris

Shekarar da ruwa ya cinye tsohuwar gada na sayi akori-kurar nan. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ni ba na ɓata lissafin shekaru. Yau ta mutu a hawan kasuwa da buhunan mutane a baya. Bakanike ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Baba, wannan injin sai dai addu'a." Na ce ubanka sau uku yana tashinsa. Ya ce ai shi ya sa ubansa ya tsufa da wuri.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta ta zo daga gidan mijinta. Wai ta sa an nemo inji na hannu. Na ce ban aike ta ba. Ta ce, "Baba, ba shawara na kawo ba, sanarwa ce." Bakin uwarta sak.

Asabar, 8 ga Maris

Ban fita ba.

Talata, 11 ga Maris

A gareji sun ciro tsohon injin da sarƙa, sun dire shi kan tsohuwar taya. Baƙin mai na ɗiga. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba. Mai sayen tsohon ƙarfe ya zagayo sau biyu, na kore shi.

Motar ta daina tashi da makulli tun kafin auren Auta. A gangaren ƙofar gida nake ajiye ta, da dutse a gaban taya. Da safe in shiga, in sa giya ta biyu, in taka kuloci, in ce, "To." Uwar yaran ta ture dutsen da ƙafa, mota ta gangara, ta tashi. Kullum sai ta ce, "Malam, ranar da babu ni, da kai da ita kun zauna." Bara ta rasu. Tun daga nan duk wanda ya zo wucewa nake roƙo.

Juma'a, 14 ga Maris

An ɗaura sabon injin. Murɗa ɗaya, ta tashi. Ƙarar ba tata ba ce. Bakanike ya ce, "Baba, kai da gangara kun rabu." Na ce to.

A gangaren dai na ajiye ta. Na sa dutsen.

Asabar, 15 ga Maris

Na shiga da safe. Giya ta biyu, kuloci. Na ce, "To." Na zauna. Mutum biyu sun wuce, sun gaishe ni, ban tsayar da kowa ba. Ban san iya daɗewar da na yi ba.

Can na murɗa makulli. Na ja baya kaɗan, na ja birkin hannu, na sauko na ɗauke dutsen da kaina. Gefen da uwar yaran take takawa ya yi sumul. Ban taɓa lura ba. Yanzu yana cikin motar, kan kujerar gefe, ba don komai ba.

Da yamma na ajiye motar a fili, gindin bishiya. Inuwa ta fi yawa a can.

Gobe da safe zan biya gareji in ce a bar mai tsohon ƙarfen ya ɗauki injin. Wuri yake cinye musu, shi ke nan.