Wanda Ke Kwance a Kogon Jemage

Garin Tudu, ƙasar Bambeye

Zuwa ga aminiyata Haula,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya zafin Arlit? Yaya ciwon gwiwar nan taki? Mu nan sai godiyar Allah, hatsi ya shiga rumbu.

Na rubuto ne don ba zan iya faɗin maganar nan a salula ba. Gidan cike yake da kunnuwa, kuma muryata ba za ta kai ni ƙarshe ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a lakkwal, ban yi nisa a boko ba.

Kin tuna Kogon Jemage, na cikin dutsen arewa da gari, wanda ake hana mu zuwa muna yara? Tun bayan girbi wasu masu binciken tarihi suka zo daga Tawa suna tono a cikinsa. Shugabarsu mace ce, Madam Abigail, mutuniyar Dogon Dutsi, Kirista ce mai yawan gaisuwa. Sun ɗauki mazan garin aiki. Ba irin tonon rijiya suke yi ba, da ɗan cokali da buroshi suke bi, suna tankaɗe ƙasa kamar garin tuwo. Mun sha dariya a bakin rijiya. Abin da suke samu kuwa tsingaro ne da toka da gatarin aradu, har da ƙayar kifi, a dutsen da ko akuya sai ta sauko take shan ruwa.

Ranar Laraba dariya ta ƙare. Sun iske mutum. Ƙasusuwa ne, kwance bisa gefen dama, fuska tana duban gabas.

Haula, kin san wanda ake kwantarwa haka. Kafin la'asar duk gari ya ce Musulmi ne, kuma Musulmi ne ya rufe shi a ɓoye. A garin nan mutum ɗaya ne ya fita bai dawo ba, babu gawa babu labari. Ɗana na fari. Damina huɗu ke nan da yaron nan ya bi sawun sanmu da ya ɓace, ya nufi wajen dutsen. Wasu sun ce mini kudu ya tafi biɗa, wato ci-rani, wasu suka ce an gan shi a motar Aljeriya. Da wannan maganar nake rayuwa. Ubansa bai iya rayuwa da ita ba, kin zo ta'aziyyarsa, kin ga yadda ya ƙare.

Yanzu mata suna shigowa suna zama shiru a tabarmata, kamar an riga an yi rasuwa. Ba wadda ta ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana ni ko ambaton sunansa tun ranar da aka raɗa masa, balle in zauna ina kukansa a gaban mutane. In na juya arewa na ga dutsen sai in kawar da kai.

Ki sa ni cikin addu'a. Ki gaida Malam da yara.

Taki har kullum,
Zalika

*

Garin Tudu

Zuwa ga Haula, 'yar uwata ta gari,

Sallama da gaisuwa, da fatan takardar nan ta iske ku cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki na turare da dabino ya iso hannun direba, Allah ya bar zumunci. Yaya jikin autarki?

Abin ya ƙara muni. Kin san Alƙasum, ƙanen marigayi maigidana, da zafin kansa. Ya tuno cewa a makon da yaron nan ya ɓace sun yi cacar baki da Manzo makiyayi, don shanun Manzo sun shiga mana wake. Faɗa ne irin na kowace damina, har maigari ya sasanta su. Amma yanzu Alƙasum yana bin majalisa yana cewa wa ya san hanyar kogon nan kamar Manzo. Samari sun fara taruwa a zaurensa. Na ga an fito da adduna ana wasawa, alhali an gama aikin gona.

Raƙiya, matar Manzo, wadda muke ɗora wa juna tulu shekara da shekaru, jiya ta hango ni ta sake hanya. Ba ƙiyayya na gani a idonta ba, tsoro ne, irin wanda ke cikina. 'Ya'yanta ba su ƙara fitowa wasa ba.

Maigari ya kira jandarma, suka zo suka tsaya aka kwashe ƙasusuwan aka kai Tawa. Kafin su tafi Madam Abigail ta shigo gidanmu, ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Ta ce mutumin nan ya daɗe ƙwarai, tun kafin a kafa garinmu, tun wurin nan yana da tabki da kifi. Ta ce toka da ƙasa hawa-hawa ne a kansa, ba wanda ya taɓa su. Alƙasum yana bakin ƙofa, ya yi dariyar ƙeta, ya ce to mutanen da ba su san salla ba, wane liman ne ya nuna musu alƙibla? Ta amsa masa a hankali, ta ce rana dai daga nan take fitowa tun fil azal, kuma ya lura gwiwoyin mutumin a naɗe suke har ƙirji, ba haka ake kwantar da Musulmi ba. Ya ce ai mai gaggawar ɓoye gawa ba ya tsayawa auna tsawon rami. Da ta ce za a aika gawayin da aka samu a ramin ƙasashen waje a auna shekarunsa, amsa sai bayan watanni, sai ya kaɗe rigarsa, ya ce jinin gidansu ba zai jira takardar Nasara ba, Juma'a ce iyakarsa.

Haula, ni ban san wanda zan yarda da shi ba. In na saurari matar sai in ji sanyi, in na tuna fuskar nan da ke duban gabas sai tsoron ya dawo mini sabo.

Amma akwai abin da na tuna. Yana ƙarami ya faɗo daga jaki ya karye a hannun hagu, ƙasan gwiwar hannu. Ni na riƙe shi mai ɗori ya ja, kuma ɗorin bai zauna daidai ba, hannun ya warke da ɗan karkata da ƙulli. In ina zuba masa ruwan wanka ina jin ƙullin nan a tafina. Fata tana ruɓewa, amma ƙashi yana riƙe da abin da ya same shi. Na faɗa wa maigari, shi kuma ya sa Alƙasum ya rantse zai bi ni Tawa, kuma abin da idona ya gani shi ne magana.

Jibi za mu tafi. Na aika kasuwar Bambeye an yanko mini likkafani, na naɗe shi a ƙasan jakata. In hannun a karkace yake, na rasa ɗana ke nan, kuma ban san mai iya tare Alƙasum daga gidan Manzo ba. Ban taɓa jin tsoron idanuna ba sai yanzu.

Ki yi mini sadaka ko ta ƙosai ce. Gaisuwa ga mutanen gida baki ɗaya.

Aminiyarki,
Zalika

*

Garin Tudu

Zuwa ga Haula, abokiyar kukana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kun wuni lafiya, ke da Malam da yara duka. Na san kina can zuciyarki a rataye, shi ya sa ina samun sarari yau na ɗauki alƙalami.

Mun je Tawa. Daga tasha kabu-kabu ya kai mu wani dogon gini, ni ban ma ga garin ba, jakata kawai na rungume. Madam Abigail ta tarbe mu, ta ba ni ruwa. Ta shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, ni da Alƙasum da wani jandarma. Ga shi nan bisa tebur, an jera shi kamar yadda aka same shi. Ƙasusuwan jajaye ne kamar ƙasar dutsenmu. Na yi bisimilla na matsa kusa.

Na ce ta nuna mini hannun hagu. Ta sa mini safar hannu ta ɗora mini ƙashin a tafi. Nauyi gare shi kamar dutse. Na rufe ido na shafa shi daga sama har ƙasa, na sake shafawa, ina neman ƙullin nan da na sani. Haula, sumul yake, miƙaƙƙe kamar kara. Hannun nan bai taɓa karyewa ba.

Na miƙa wa Alƙasum na ce ya shafa da kansa, tunda shi ma ya san hannun ɗan wansa. Ya shafa. Ya duba haƙoran, sun cinye har ƙasa kamar na tsohuwar tunkiya, namu kuwa haƙoransa farare ne ƙal. Sai ya fita waje ya tsuguna a gindin bishiyar bedi ya rufe fuska da rawani.

Na ɗauka zan yi murna. Wallahi sai ga ni zaune a ƙasa ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da maigidana. Duk hanyar nan ina roƙon Allah kada ya zama shi, ashe can ƙasan zuciyata ina son a ba ni ko ƙashi ne in san inda zan tsaya in yi addu'a. Yanzu na koma inda nake, kunne a bakin ƙofa.

Matar ta zauna kusa da ni har na yi shiru. Sannan ta nuna mini wasu 'yan duwatsun wuya farare, ƙanana kamar ƙwayar dawa, da aka samu a wuyansa. Ta ce da ɓawon ƙwan jimina aka yi su, ɗaya bayan ɗaya ake gogawa a huda. Ta ce saurayi ne, yashin da ke cikin abincinsu ne ya cinye masa haƙora, kuma ba a jefar da shi ba, an gyara masa kwanciya, an ajiye masa tukunya kusa da kai. Na yi ta kallon duwatsun nan. Aikin haƙuri ne, irin na mai yi wa wanda take so. Na ce a raina, wannan ma yana da uwa, kuma ita ta san inda nata ya kwanta.

Na tambaya ina za a ajiye shi, ta nuna mini kwali. Sai na buɗe jakata na fito da likkafanin. Na ce ban san addininsa ba, ban san harshensa ba, amma ba a barin ɗan mutum tsirara, uwarsa ba ta nan, ni ina nan. Ta ce aikinsu yana da ƙa'idar yadda ake naɗe ƙashi, amma ba abin da ya hana a lulluɓe daga sama. Mu biyu muka kama bakin ƙyallen muka rufa masa. Ina rufawa ina roƙon Allah, in nawa ya riga ya kwanta a wata ƙasa, ya sa wata ta yi masa haka. In kuwa yana raye, ya juyo da fuskarsa gida.

Da muka dawo, Alƙasum bai shiga gida ba, ya wuce wurin maigari, daga nan suka tafi gidan Manzo tare da liman. An mayar da adduna rumbu. Yau da safe na iske Raƙiya a rijiya. Ta kama mini tulu na ɗora.

Abu ɗaya ya rage in gaya miki. Lokacin da aka fita nemansa, gari duka ya bi dutse ana ƙwala kiran sunansa, ni kaɗai ce ke biye bakina a rufe. Jiya da hantsi na hau dutsen ni ɗaya, na tsaya a bakin kogon da nake tsoro tun ina yarinya. Na duba ba kowa, na kira shi da ƙarfina duka. Kogon ya maido mini da sunan, jemagu suka tashi. Ba wanda ya amsa, amma na ji yadda sunan yake a bakina.

Ki gaida kowa da kowa. In kin ji labarin mai zuwa Aljeriya, ki ce ya duba saurayi dogo mai karkataccen hannun hagu.

Taki har abada,
Zalika, uwar Nasrullahi