Bukkar Ma'u da Habi

Yaya Harisu,

Motar Kano ba za ta jira dawowarka ba, na tafi ci-rani.

Ɗazu na shiga garka in rushe bukkar wasan 'ya'yana, yadda Iya ta ce. Na tarar da Ma'u ciki. Ta raba tuwon ƙasa kashi biyu, ta baje duwatsun carafke. Na ce ta taso, ta ce in dakata, Habi ba ta yi nata ba tukuna.

Ni da na sa Habi a kabari da hannuna, ko kara ɗaya na kasa zarewa.

Don Allah ka rushe ta ranar da Ma'u ta bi Iya kasuwa. In ta tambaya, ka ce ni ne. Ba na nan balle ta dube ni.

Sallau