Yatsan Mu'azu na shida

Gummi, Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yaya Hamida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma sanyin Jamus bai hana ki aikin bincikenki ba. Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Mu nan alhamdulillahi. Inna ta zo daga Anka tana taya ni zaman jego, maigidana Surajo kuma yana gona, wake ya yi kyau bana.

Yaya, godiya ce ta sa na ɗauki biro. Kin san ranar da na haifi Mu'azu aka ga yatsa na shida a hannunsa na hagu. Mutane suka yi ta kiransa Cindo suna dariya. Wata maƙwabciya ta ce ai gubar dalma ce ta wurin haƙar zinare a Bagega, da ta shiga jinina tun ina yarinya, ita ce ta fito a jikin ɗana, kuma tana nan cikin nonona. Daga ranar na daina ba shi nono. Na koma madarar gwangwani, yaro yana ƙi, yana ramewa a gabana, ni ina kuka shi yana kuka.

Da na kai miki kukana, sai ga saƙonki na murya. Na saurare shi har Surajo ya ce zan cinye wayar. Kika ce hannun mutum da kofaton akuya da fiffiken jemage kusan da ƙwayoyin halitta iri ɗaya ake gina su, kamar yadda ƙasa ɗaya take yin ɗaki ta yi rumbu. Abin da ya bambanta su shi ne wasu makunnai, kamar na fitilar lantarki, da ke cewa wannan ƙwaya ta fara aiki a nan, waccan ta tsaya yanzu. Kika ce sauye-sauye a makunnan nan, cikin zamani mai tsawo da ikon Allah, su suka fitar da siffofin dabbobi iri-iri, kuma idan ɗaya ya ɗan zarce a cikin ciki sai yatsa ya ƙaru. Ban gane duka ba, kar ki yi mini jarrabawa. Amma na gane cewa irin wannan yakan bi jini ne a dangi. Na kuma ji faɗan da kika yi mini, cewa in je a auna jinina maimakon in zauna ina auna maganar maƙwabta.

Mun je asibiti a Anka. Likita ta ce dalmar da ta rage ba ta kai ta hana shayarwa ba, in koma ba shi nono a ranar. Wallahi a bakin ƙofar asibitin na zauna na ba shi.

Saura tambayar da kika ce in yi, ko akwai mai cindo a danginmu. Da na tambayi Inna, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce ashe ɗiyarta ta tafi har ƙasar Turawa neman abin da ke hannunta. Yaya, duba gefen hannunki na hagu. Ɗan tabon nan da kike cewa ƙunar tukunya ce, wurin naki yatsan ne. Wanzami ya ɗaure shi da zare kafin suna, ya bushe ya faɗi. Inna ta ce ba ta taɓa zaton abin faɗa ba ne, kuma ni ban faɗa mata dalilin da na daina shayarwa ba, da tuni ta kwantar mini da hankali.

Na Mu'azu likita ta ce a kawo shi asibiti idan ya ƙara ƙwari, kada a ɗaure a gida. Ni dai ba na sauri. Yanzu haka yana kan cinyata yana sha, ya damƙe zanena da yatsun nan shida, kumatunsa sun dawo. Allah ya saka miki da alheri, Yaya. Ke kika mayar masa da abincinsa.

Inna da Surajo suna gaishe ki. Ki gaida mijinki Malam Almustapha da 'yata Dija, ki ce ta ƙirga miki yatsunki.

Ƙanwarki,
Nusaiba