Na Doke Hannun Yayar Mijina

Anti, don Allah ki taimake ni, dariya na neman raba ni da yayar mijina.

Wata biyar ke nan da rasuwar maigidana. Masinja ne a wani ofis, can ya tsinto wata kalmar Turanci a bakin ogansa, wai "ankonshosli", wato abin da mutum ya yi bai sani ba. Shi ke nan muka shiga uku! Ya cinye naman yara, ankonshosli. Ya dawo daga masallaci da takalmin wani, ƙafa ɗaya ma, ankonshosli. Ni da ban wuce firamare ba har na iya ta.

To yanzu ciwon ya dawo kaina. Sai in ga na goge rigarsa, ko na buga ƙofar banɗaki ina cewa ya yi sauri. Ina farga sai kalmar ta faɗo mini da muryarsa, in yi ta dariya ni kaɗai har in zauna a ƙasa.

Ran nan Yaya ta zo duba ni. Na haɗa shayi, ta kai cokali na uku cikin sukari, kawai na ɗaka mata duka a bayan hannu, yadda nake masa saboda ciwon sukarinsa. Cokali ya yi sama! Maimakon in ba ta haƙuri, kalmar ce ta fito, dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Ta ja mayafinta ta fita. Sati uku ba ta ɗaga wayata, an ce tana cewa mutuwar ƙaninta ba ta dame ni ba. Wallahi Anti, in tana magana shi nake gani. Ya zan yi?

Wadda dariya ta kama

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki. Ni ma sai da na dara. Hannunki ya shekara yana tsaron lafiyarsa, bai saba da rashinsa ba tukuna. Wannan ba rashin damuwa ba ne. In dai mantuwar ta kai ga barin wuta a kunne, ki ga likita.

Amma ki duba ta Yaya. Ta zo da kewar ƙaninta, ta sha duka, aka bi ta da Turanci da dariya, ita kuwa ba ta san labarin ba.

Ki bar waya, ki taka ki je. Ki ba ta haƙurin dukan, ki faɗa mata dalili tun daga farko. Sannan ki tambaye ta irin ɓarnar da ya yi yana yaro. Ta riga ki saninsa, kuma mai yiwuwa tun rasuwar ba wanda ya tambaye ta.

Allah ya sanyaya zukatanku ku biyun.